Matcha shayi ne, a daina sayar wa mutanenmu shi da sunan magani

Malam Edita, assalamu alaikum. Ya aiki ya ƙoƙari, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu in yi magana kan koren garin shayin nan na Japan da ake kira matcha, wanda yanzu ya cika TikTok da Instagram da WhatsApp na masu saye da sayarwa a waya. Ni ɗalibi ne a birnin Kyoto na Japan, kuma tun da abin nan ya fara tashe a gida saƙo bai daina shigo min ba, musamman daga 'yan uwa mata, wannan ta ce in taho mata da gwangwani wai yana narkar da teɓa, waccan ta ce an gaya mata yana wanke ciki yana gyara fata, har akwai wadda aka ce wa yana maganin ciwon suga. Wallahi abin yana damuna, don kuɗi ne masu yawa mutane ke zubawa a wannan marra da ake ciki, kuma abin da ake musu alƙawari ba shi za su samu ba.

Bari in ba masu karatu labarin yadda ake shan abin a inda ake nomansa. Kudu da Kyoto akwai wani gari Uji, a jirgin ƙasa tafiyar ba ta wuce minti 30 ba, shi ne garin da ya fi suna a harkar matcha. Kana sauka ka kama titin da ya nufi tsohon wurin bautar nan Byodo-in, wanda hotonsa ke jikin kwabon yen 10 na kuɗin Japan, ƙamshin ganyen shayin da ake gasawa ne zai fara tarbarka, shaguna dama da hagu duk shayi. A bakin gadar Uji akwai gidan shayin Tsuen da ke wurin tun 1160, har yau zuri'a ɗaya ke riƙe da shi. Shi kansa shan garin shayi daga ƙasar Sin ya shigo musu, wani malamin addinin Buddha mai suna Eisai ne ya dawo da irin a 1191, daga baya a ƙarni na 16 wani gwanin shayi mai suna Sen no Rikyu ya tsara ladubban shan kamar yadda ake bi har yanzu.

Gidajen shayin iri biyu ne. Akwai na al'ada inda za ka cire takalmi ka hau tabarma ka zauna ka naɗe ƙafafu kamar zaman tahiya, akwai kuma na kujera da tebur da takardar jerin abinci, wanda shi yawancin baƙi ke shiga. A na al'adar, kafin shayi sai an fara kawo maka ɗan abin zaƙi guda ɗaya tak a ƙaramin faranti, yawanci da garin shinkafa da jan wake da aka dafa da suga aka yi shi, kuma siffarsa tana bin lokacin shekara, in lokacin furanni ne sai a yi shi da siffar fure. Sai ka cinye shi tukuna. Sannan matar da ke haɗawa ta ɗebi gari da ɗan cokalin gora sau biyu, wajen giram 2 ke nan, ta zuba ruwan zafi kaɗan wanda bai kai tafasa ba, ta ɗauki wani ɗan maburgi na gora da aka tsaga bakinsa siri-siri ta kaɗa da sauri, hannunta daga wuyan hannu kawai yake motsi, cikin ɗan lokaci kumfa mai laushi ta rufe saman kwanon. Ba suga, ba madara. Ta ajiye maka da fuskar kwanon tana kallonka, kai kuma ka ɗauka da hannu biyu ka ɗan juya shi don kar ka kafa baki a wajen adon, ka shanye a kurɓa uku ko huɗu. Akwai ɗaci kaɗan a farko, amma zaƙin waken nan da ya rage a baki shi ke tare shi, daga baya kuma wani garɗi ya biyo wanda ke daɗewa a maƙogwaro. Iyakar abin ke nan fa. Ba wanda ya tambaye ni kilo nawa nake son ragewa, shayi aka ba baƙo.

Toh me ya sa yake da tsada? Saboda wahalar da ke cikinsa. Kafin a tsinki ganyen sai an lulluɓe gonar an hana ta rana na aƙalla kwana 20, wasu manoman har yau da kara da ciyawar shinkafa suke yin rumfar, wasu da baƙin yadi. Inuwar ce ke sa ganyen ya yi kore shar ya rage ɗaci. Mafi kyawunsa tsinkar farko ce ta wajajen watan Mayu, sau ɗaya a shekara. Ana tsinka a turara shi, a busar, a cire jijiyoyi da itacen, abin da ya rage shi ake niƙawa a dutsen niƙa a hankali don kar zafi ya ɓata shi, kuma dutse ɗaya a awa guda abin da yake fitarwa bai wuce giram 40 ba. Ƙaramin gwangwani ɗaya ke nan. Ga shi manoman shayi a Japan tsufa suke yi, yaran ba sa son gadon gona. A 2024 baƙi sama da miliyan 36 suka shigo Japan, duniya kuma ta yi caa a kan matcha, har tsofaffin kamfanoni irin Ippodo, wanda ke Kyoto tun 1717, da Marukyu Koyamaen suka ƙayyade yawan da mutum ɗaya zai iya saya. Ni da idona na ga kantoci a buɗe amma wajen matcha wayam, an manna takardar ban haƙuri. Toh don Allah in mu da ke bakin gonar sai mun yi sammako kafin mu samu gwangwani ɗaya, ai ya kamata mai saye a gida ya tsaya ya yi tambaya in aka nuna masa leda cike a araha aka ce asalin na Uji ne. Ba wai sai Japan kaɗai ake yin koren garin shayi ba, ƙasar Sin ma tana yi da yawa kuma ba laifi ba ne a sayar da shi, laifin shi ne a ɓoye inda ya fito a ɗora masa ƙaryar magani.

Ban ce ba shi da amfani ba. Tunda ganyen ne gaba ɗaya kake sha ba jiƙonsa ba, yana wartsake mutum, ni kaina da shi nake karatun safe. Amma yana da sinadarin caffeine mai hana barci, kwano ɗaya ya kusa kamo ƙaramin kofin kofi, kuma mai juna biyu likitoci na ba ta shawara kar ta wuce miligiram 200 na caffeine a rana. Shayi kuma yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci in aka sha shi tare da cin abinci, wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce a wajenmu inda ƙarancin jini ya yi wa mata da yara katutu. Waɗanda ake tacewa a zuba a kafso su ne suka fi ban tsoro, don a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa shan miligiram 800 ko fiye a rana na sinadarin EGCG da ake tatsa daga koren shayi na iya taɓa hanta. Sannan wanda ake nunawa a bidiyo ɗin nan, kofin roba cike da madara da suga da ƙanƙara da kirim a sama, ta ina zai rage ƙiba? Mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti ya koma wannan, rayuwarsa ya sa a haɗari, kuma wanda ya sayar masa da wannan ƙaryar zai amsa tambaya gaban Allah.

Sai 'yan uwa musulmi da Allah zai kawo Japan, ɗalibai da 'yan kasuwar motoci da masu zuwa taro. Ku shiga gidan shayi, kar ku ji tsoro, shi matcha zalla ganye ne da ruwa. Inda ake lura shi ne kayan zaƙi da ɗan abincin da ake haɗawa da shi. Za ku ga dogon kofin gilashi an jera askirim na matcha da jan wake da ƙananan curin shinkafa farare da wani abu mai santsi da ke rawa a cokali, wannan mai santsin wani lokaci da kanten ake yinsa, wato ciyawar teku, ba matsala, wani lokaci kuma da jelatin wanda a nan sau da yawa daga alade yake. Wasu kek ɗin ana ɗiga musu giya don ƙamshi. Akwai kuma taliyar soba da ake kwaɓawa da garin shayi, koriya, ana kawo ta da sanyi a kan faifan gora, tana da daɗi ƙwarai lokacin zafi, amma romon da ake tsoma ta ciki kusan kullum akwai mirin, wata giyar shinkafa ce mai zaƙi da suke girki da ita. Ni gishiri nake roƙa in ci da shi. Ku tambaya kawai, mutanen nan ba sa jin haushin tambaya, mai kawo abinci za ta koma kicin ta duba ta dawo ta gaya maka gaskiya ko da hakan zai sa ka fasa saye, kuma kyamarar waya tana fassara rubutun jikin leda.

Wanda kuma ya saya don sha'awa a gida, ya duba kalar, mai kyau kore ne shar, in ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa ya tsufa. Zafi da haske da iska ke kashe shi, a zafinmu na Maris da Afrilu in ba a rufe shi gam an sa a firji ba, nan da nan ƙamshin ya gudu.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura wakilinku na shafin lafiya ya bi masu tallan nan ya ga abin da ke cikin ledojin, ko akwai lambar NAFDAC da sunan ƙasar da aka yi shi da ranar lalacewa, ya kuma zauna da likitan abinci ya yi wa mutane bayani da Hausa, a buga a jarida a kuma sa a shafinku na Facebook inda matan da ake yi wa tallan suka fi gani.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai karatunku,
wani ɗalibi ɗan Katsina, daga Kyoto, Japan.