Godiya ga ma'aikatan NMDP, daga wani direban tasi a Bronx

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan NMDP, ƙungiyar da ke rajistar masu bayar da ɓargo, da ke Minneapolis a Amurka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Da gangan na rubuto wannan takarda da Hausa duk da na san sai an fassara muku, domin ina so 'yan uwana da muke haɗuwa a masallaci da gidajen abinci na Bronx da Harlem a birnin New York su karanta ta da harshenmu.

Lokacin da na fara jin labarinku ana kiranku Be The Match, kafin ku sauya suna a 2024. Wata Juma'a ce muka fito daga salla muka tarar da mata biyu sun kafa tebur a bakin ƙofa, suna roƙon a ba da suna don taimakon masu buƙatar dashen ɓargo. Gaskiya yawancinmu ratse su muka yi. Wani dattijo ma ya ce da ƙarfi, tsotse wa mutum laka za su yi ya shanye. Ɗaya daga cikin matan, baƙar fata ce 'yar nan ƙasar, ba ta ɓata rai ba. Ta jawo masa kujera, ta zana masa a takarda inda ƙashin ƙugu da ake ɗibar ɓargo yake da inda laka take, ta ce babu abin da ya haɗa su.

Abin da ya sa na tsaya shi ne ba ta raina tsoronmu ba. Ita da bakinta ta kawo zancen Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan maza baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don kawai a ga yadda cutar za ta yi da su. Ta ambaci Henrietta Lacks, wadda aka ɗebi ƙwayoyin jikinta a 1951 ba da saninta ba. Ta ce wanda ya san wannan tarihi yana da hujjar yin ɗari-ɗari, sannan ta faɗi abin da gudun namu yake jawowa: Bature mara lafiya yana da damar kashi 79 cikin 100 ta samun wanda ya dace da shi a rajistarku, baƙar fata kuwa kashi 29 ne kawai.

Nan na fahimci ba rukunin jini ake dubawa ba kamar yadda na zata. Wasu alamomi ne na gado da ake kira HLA, kuma mutum ya fi dacewa da wanda suka haɗa asali. Ko wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, damar ku dace ɗaya ce cikin huɗu, shi ya sa yawancin marasa lafiya sai sun nema a waje. Mu 'yan asalin Afirka alamominmu sun fi na kowa yawan iri, ga mu kuma 'yan kaɗan a rajista. Na tuna ƙanwata da sikila ta ɗauke a gida tana ƙarama, ba mu taɓa jin cewa dashen ɓargo yana iya raba mutum da cutar ba. Na karɓi tsinken audugar na goga a cikin kuncina, shi ke nan rajistar.

Har na manta da maganar, sai bayan shekara huɗu kuka kira ni ina cikin mota, kuka ce akwai wani saurayi mai sankarar jini da muka dace. Uwargida ta tayar da hankali. Ma'aikacin da kuka haɗa ni da shi ya yi kusan awa guda a waya yana amsa tambayoyinta, har da waɗanda ta maimaita sau uku, kuma ya faɗa mana a fili cewa ina da ikon janyewa. Kwana biyar ana yi mini allurar filgrastim don ƙwayoyin da ke haifar da jini su fito daga ɓargo. Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, ƙasusuwana sun yi ciwo kamar zazzaɓin cizon sauro na shirin kama ni. Ranar bayarwa aka sa mini allura a hannu ɗaya, na'ura ta tace abin da ake so, ta mayar mini da jinina ta ɗaya hannun. Ba fiɗa, ba yanka. Bayan kwana uku na koma tuƙi.

Kwabo ban kashe ba. Kun biya kuɗin gwaji da na mota da masauki, har da na matata da ta raka ni, kun kuma mayar mini da abin da na rasa na kwanakin da ban fita aiki ba. Mai albashi zai ga wannan ƙaramin abu ne. Direban tasi da ke biyan haya yana kuma aika kuɗi gida, shi ya san da babu wannan da ƙyar zai ce to.

Ban san sunan saurayin ba, domin ƙa'idarku sai bayan shekara guda, kuma sai kowa ya amince. Ni dai na amince tun yanzu. Roƙona ɗaya: ku samar da takardun bayaninku da Hausa, ku kuma sake turo mana matar nan mai zane. Dattijon da ya yi mata gardama ya wuce shekarun da kuke tsayawa wajen rajista, amma 'ya'yansa maza biyu sun ce za su zo.

Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani ɗan Katsina mazaunin Bronx