Zumuntarmu ta ranar Laraba: aikin hannunmu

Salama a gare ku ƴan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu.

Ranar Laraba da ƙarfe 5 na yamma za mu haɗu a majami'a kamar kullum, kuma wannan karon a kan sana'o'inmu za mu tattauna. Dalili kuwa, wata mama a cikinmu mai suyar ƙosai ta faɗa mini cewa ita ba ta yi wa Allah wani aiki, tunda ba ta wa'azi, ba ta cikin ƙungiyar mawaƙa. Maganar nan ta tsaya mini a rai ƙwarai. Macen da ke tashi tun da asuba, ba ta taɓa rage wa kowa awo ba, da kaskon nan ta biya wa yara huɗu kuɗin makaranta!

Kafin mu zo, kowa ya karanta Farawa 2:15. Tun kafin zunubi ya shigo duniya Allah ya sa Adamu a gonar Adnin ya nome ta, ya kiyaye ta, ashe aiki ba la'ana ba ne. Ku duba Markus 6:3, inda mutanen garinsu suka san Ubangijinmu a matsayin masassaƙi, da Ayyukan Manzanni 18:3, inda Bulus ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti suna ɗinkin tanti. Sai Kolosiyawa 3:23, a kanta za mu fi daɗewa.

Matasanmu da suka gama karatu ba su sami aiki ba tukuna, don Allah ku zo, za mu yi addu'a tare da ku. Manoma da ke girbi, ko kun makara ku shigo.