Rahoton Ayyukan Shekara: Gasannin Maki da Teburin Sakamako

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa mambobi.

Kwamitin zartarwa na gabatar muku da bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu wasannin gem ta gudanar a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin shiga da na kashewa yana cikin rahoton ma'aji, wanda za a karanta daban a babban taro. Wannan rahoto ya tsaya ne kan gasanni da kuma teburin maki da muke ajiyewa a intanet.

Mun ci gaba da gasar wata-wata a gidajen gem da masu su suka ba mu aron wuri, ranar Asabar daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, kuma an dakatar da ita a watan azumi da lokacin jarabawar ɗalibai kamar yadda aka amince. Wasanni uku muka riƙe: Tetris na kamfanin Nintendo wanda ya fito a 1989, wato wasan jera tubalan da ke faɗowa daga sama don a cika layi a share shi, da Pac-Man na 1980, da Snake II na wayar Nokia 3310, wanda kowa ya fi sani da maciji. Macijin ne ya jawo mana magidanta, domin da yawa daga cikinsu sun buga shi tun suna samari, kuma abin farin ciki ne a ga uba da ɗansa suna karɓar waya ɗaya bi da bi, kowa na neman ya wuce makin ɗayan.

Babban aikin shekarar shi ne gyara yadda ake karɓar maki. A da, mutum yakan ɗauki hoton allo ya turo zauren WhatsApp, sai a rubuta masa abin da aka gani. Amma hoton allo ba ya nuna wanda ya buga, ba ya nuna yadda aka kai ga makin, kuma sauya lambobi a jikin hoto ba abu ne mai wuya ba ga duk mai wayar zamani. Da gardama ta yawaita har wasu ƙwararrun 'yan wasa suka fara ja da baya, kwamitin ya kawo ƙa'idar da kuka amince da ita: duk makin da ba a buga shi a gaban alƙalan gasa ba, sai an haɗo shi da bidiyo guda marar yankewa, wanda ke nuna hannun mai wasa da allon tun daga farawa har zuwa ƙarshe. Alƙalai biyu ne ke kallon kowane bidiyo, kowa shi kaɗai, sannan a bar makin mako guda a matsayin na wucin gadi don mai ƙorafi ya kawo hujjarsa. Wasu sun ga kamar tuhuma ce ake yi musu. Kwamitin bai ɗauke ta haka ba. Gani ya kori ji, kuma mai gaskiya ne ya fi kowa cin moriyar ƙa'idar, tunda daga ranar da aka tabbatar da makinsa babu mai sake ja da shi.

Ba mu kaɗai muka fuskanci wannan matsala ba. Twin Galaxies, wadda Walter Day ya kafa a 1981 a garin Ottumwa na jihar Iowa a Amurka, cibiya ce da ta shafe shekaru tana tattara manyan makin wasannin gem na duniya, amma a 2018 sai da ta cire sakamakon wani fitaccen ɗan wasan Donkey Kong bayan ta yanke cewa bidiyonsa ba daga na'urar asali aka ɗauke su ba, lamarin da ya kai ga kotu. Daga nan muka ɗauki darasin rubuta irin na'urar da aka buga kowane maki a kanta.

Amfanin hakan ya bayyana a Tetris. An taɓa samun 'yan wasa biyu masu ƙwarewa kusan ɗaya, amma makinsu ya yi nisa da juna, kuma da alƙalai suka ajiye bidiyon biyu gefe da gefe sai suka ga tubalan ba sa faɗowa da gudu ɗaya. Dalili shi ne wasan yana da nau'in tsarin talabijin na PAL mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, da nau'in NTSC mai sau 60, ga kuma na'urorin kwaikwayo da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda kowace ke da nata gudun. Saboda haka aka raba teburin Tetris gida-gida, ba a sake gwama makin wani nau'i da na wani ba. A maciji kuwa, kowa zai buga a matakin gudu ɗaya da fili iri ɗaya. Buƙatar da matasa suka kawo ta a saka wasan waya na Subway Surfers kuwa ba ta samu karɓuwa ba, domin makinsa yana ninkuwa gwargwadon abin da mutum ya tara ko ya saya a cikin wasan, ga kuma nau'o'in da aka yi wa kutse suna yawo a wayoyi.

Teburin kansa yana kan Google Sheets, manhajar ajiye tebura a intanet. Kowa na iya buɗe shi ya duba, amma alƙalai da sakatare ne kaɗai ke iya rubutu a ciki. Kowane layi na ɗauke da laƙabin ɗan wasa, da makinsa, da rana, da na'ura, da inda bidiyon yake. Laƙabi kawai ake sawa, ba cikakken suna ko lambar waya ba, musamman saboda yara, waɗanda ba a yi musu rajista sai da izinin iyaye. Idan an soke maki, ba a goge shi. Akan mayar da shi shafin da aka ware, a rubuta dalili.

Mun kuma gudanar da zaman koyarwa. Yawancin sababbin 'yan Tetris ba su san cewa share layi ɗaya maki 40 ne, alhali share huɗu a lokaci guda 1,200 ne, kuma duka ana ninka su da lambar matakin da ake ciki haɗe da ɗaya. Da suka gane haka, sai suka koyi barin rami a gefe ɗaya suna jiran doguwar sanda, kuma ci gaban ya fito fili a teburin. Labarin Willis Gibson, yaron jihar Oklahoma ta Amurka da ya kai mataki na 157 a Tetris yana da shekara 13, har wasan kansa ya gaza ya tsaya cak a Disambar 2023, ya ƙara wa yaranmu himma ƙwarai.

Ɗaukewar wuta ta katse wasanni da dama a tsakiyarsu, kuma tsadar data ta hana wasu turo bidiyo. Kwamitin na kuma jaddada cewa an haramta caca a kan sakamako, ko a wurin gasa ko a zauren ƙungiya.

Ana roƙon mambobi su zo babban taro da ra'ayinsu kan abu uku: sayen batir da inbata don na'urorin gasa, ware ranar da za a riƙa kawo bidiyo kai tsaye a kwafa a kwamfutar ƙungiya ba tare da data ba, da ƙarin alƙalai, domin waɗanda muke da su aikin sa kai suke yi, kuma bidiyon da ke jiran dubawa suna ta taruwa. Duk mai son shiga aikin alƙalanci ya ba sakatare sunansa kafin ranar taron.

Allah ya saka wa masu gidajen gem da alƙalanmu da alheri.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa.