Inna, kada a taɓa lambun Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya. Ya jiki, ya ƙafar? Na san yanzu iskar hunturu ta fara kaɗawa, a riƙa ɗora miki ruwan alwala a wuta. Mu nan lafiya lau, baban yara da yaran duk suna gaishe ki. Auta, kai ne mai karantawa, ka bi a hankali, kada ka tsallake wurin da ya shafi Yaya don kana jin nauyinsa.

Ranar Litinin na turo Naira 400,000 ta asusun Auta. A ware 250,000 a gyara injin ban ruwa, a sayi tiyo da fetur. A sa 100,000 a taki da iri. Sauran 50,000 na maganinki ne na hawan jini, Inna, ba na gudummawar bikin kowa ba ne. Kuɗin su zauna a hannun Auta, shi zai je Sabon Gari da kansa ya sayo, ya ɗauko mini hoton rasit.

Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da matar Kawu ta faɗa mini a waya. Wai Yaya ya kai wasu mutane bakin kogin Galma sun zagaya lambun Baba, har an auna da ƙafa, za a yanka filoti. Inna, da gaske ne? In da gaske ne, don me sai a bakin wani zan ji? Na kira shi bai ɗauka ba. To ki faɗa masa ban yarda ba. Gado ne da ba a raba ba, ina da haƙƙi, Auta yana da haƙƙi, ke ma tumunin takabarki yana ciki. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 noman rani ya zama sai mai ƙarfi, ban ce Yaya ba ya shan wahala ba. Amma a 2016 da tsutsar nan sharon ta cinye tumatir, Baba ko kwando ɗaya bai kai kasuwar Ɗan Magaji ba, kuma bai sayar da ko taku ɗaya ba. Mutumin da ya fara da jigo, yana ɗibar ruwa tun asuba har hannunsa ya yi kanta. Da alayyafo da latas ɗin wurin aka biya mana kuɗin makaranta.

Sai da na zo Ingila na ƙara sanin darajar ƙasa. A nan ƙaramar hukuma ce ke ba da hayar ɗan fili don mutum ya yi shuka, kuma sai ka rubuta suna ka yi shekaru kana jira kafin layi ya zo kanka. Ni ban samu ba tukuna. Wata dattijuwa 'yar Pakistan da ke maƙwabtaka da mu ce ta ga ina yawan tsayawa ina kallon nata, ta yanka mini fangali biyu, ni kuma ina yi mata cirar ciyawa saboda gwiwa ta hana ta durƙuso. Da zafi na shuka alayyafo da kabewa da wake, sun yi. Kuɓewa ce ta ƙi, sanyin ƙasar ya fi ƙarfinta. Da zafin ya fara ja baya sai ta ba ni irin wani abu da suke kira tanif, ta ce shi ba ya tsoron sanyi.

Inna, da kin ga abin nan. Saiwa ce kewayayya, ƙasanta fari sol, samanta da ya leƙo daga ƙasa ruwan hoda mai duhu, ga ganye kore shar. Wata biyu ya isa cira. Ranar da na tuge na farko, ƙasa ta yi sanyi har yatsuna sun ƙage, na kakkaɓe shi na yanka a wurin na ɗanɗana ɗanye. Yana da garɗi da ɗan yaji, can ƙarshe kuma ɗan ɗaci kamar na gauta. Ƙanana sun fi zaƙi. In aka bar shi ya girma da yawa sai cikinsa ya yi tauri, ɗacin ya ƙaru.

Ita da naman rago take dafa shi. Takan soya albasa har ta yi ja, ta zuba citta da tafarnuwa da tumatir da barkono, ta sa nama ya yi laushi, sannan ta zuba tanif ɗin da ta fere ta yanka manya-manya, ta rage wuta. Yana shanye romon, ya yi taushi har cokali ya ratsa shi. Na koya, yaran suna ci da shinkafa. Amma ni 'yar Zazzau ce, fate na sa shi. Na samu tsakin masara a shagon Indiyawa, na dama da gyaɗa, na yanka tanif ƙanana a madadin gauta, ganyensa kuma na wanke na yanka na zuba tunda babu yakuwa. Ba shi da tsami, sai na matsa lemun tsami bayan na sauke. Baban yara ya yi ƙari, bai ce komai ba sai da ya suɗe kwano. Na kai wa dattijuwar a kula, washegari ta dawo mini da kular cike da karas ɗin gonarta. Wallahi Inna na ji daɗi a raina, abin da na shuka da hannuna a ƙasar Turawa, na dafa irin dahuwarki.

Su Turawan yanzu ba su cika damuwa da shi ba, sun saba da tumatir ɗin da ake kawo musu daga waje ko da sanyi. A watan Fabrairun 2023 yanayi ya ɓata amfanin gona a Sifaniya da Maroko, tumatir ya yi ƙaranci, har manyan kantuna suka ƙayyade yawan da mutum ɗaya zai saya. Ministar da ke kula da abinci da muhalli ta ce a koma ga abin da ƙasar ke bayarwa a lokacinsa, ta ambaci tanif, mutane suka yi ta surutu a kanta. Ni dai a lokacin Ɗan Magaji nake tunawa, yadda a wannan watan kwanduna ke jere har bakin titi, ana roƙon mai saye. Mu Allah ya ba mu fadama, muna ci damina muna ci rani, shi ne za a zuba mata bulo?

Aiki ba laifi. Na dare nake yi yanzu a gidan kula da tsofaffi, bayan yana ɗan taɓa ni saboda ɗaga su, amma ba wani abu ba ne. Ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, mun yi Magariba. Mun saba. Wani lokaci ina ba wata tsohuwa abinci a baki sai in tuna tawa tsohuwar tana can, ban san ko ta ci ba. Ki yafe mini, Inna. Da na san wata hanyar da ba wannan ba da ita na bi.

Auta, ka saurara. Zan ba matar abokin baban yara irin tanif ɗin, tana tahowa Kaduna ƙarshen wata, za ta kira ka. Ka ware fangali ɗaya kusa da na karas. Ba a dasa shi, yafa irin ake yi a inda zai zauna, in ya fito ka rage shi ka bar tazarar yatsu huɗu zuwa biyar, kada ka bari ƙasar ta bushe. Ka shuka yanzu da sanyi, ka cire kafin zafin bazara. Ka fara kai wa Inna ganyen da ka rage. Kuma in na ji kuɗin injin nan sun shiga hannun Yaya, ko an ce aro ne zuwa kaka, ni da kai ne. Wancan karon haka aka ce, har yau injin yana jingine a zaure.

Inna, ki kira Kawu da Gwaggo ku zaunar da Yaya. In bashi ne ya taso shi a gaba, ya faɗi ko nawa ne, zan riƙa ragewa duk wata gwargwadon hali. Ba faɗa nake nema da shi ba, babban wa ne. Amma kada ki sa hannu a kowace takarda, ko an ce ta shaida ce kawai, sai Auta ya karanta mini ita a waya.

In matar za ta dawo a ba ta busasshiyar yakuwa da kuɓewa da kuka da daddawa, a ƙulle su sosai a leda biyu. Kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo. A gaishe mini da Gwaggo da su Kawu, da matar Yaya da yara, da Malam na ƙofar gida, a ce ina neman addu'a.

Wassalam.
Taki 'yar.