Wa ya ce sai an kawo mana daga waje?

Zuwa ga Shugaban Sashen Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na kwana da takaicin shirinku na daren Laraba, na kuma tashi da shi, shi ya sa na ce gara in rubuto. Baƙon da kuka kawo ya kusa cinye awa guda yana nanata magana ɗaya, wai talakan Kano ba shi da dabarar da zai taimaki kansa da ita, sai ƙungiyoyin waje sun kawo tallafi, sai an shigo da na'urori daga Sin ko Jamus. Shi dai na yi masa uzuri, kowa da iyakar saninsa. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai gabatarwarku, da ya zauna yana amsa masa da "haka ne, haka ne", bai tare shi ko sau ɗaya ba. Na yi ta kiran layinku har katina ya ƙare ban samu shiga ba.

Da baƙon ya zo kan asarar kayan gwari, cewa ya yi ba ta da magani sai ɗakin sanyi mai aiki da sola, na miliyoyin naira. To, matar da jarinta bai wuce rabin kwando ba fa, ina za ta sa kanta?

Maiɗakina kayan miya take sayarwa a zauren gidanmu, shekara tara ke nan. Ni nake sammako in je 'Yankaba in yi mata sari: tumatir, attaruhu, tattasai, wani lokaci da alayyahu. Duk wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ya san tumatir ba ya kai kwana uku. Rana ta biyu ya fara laushi, ta uku yana tsiyaya ta ƙasan kwando, ƙudaje sun cika zaure. Ba zan manta wata la'asar ba, na dawo na tarar da ita zaune a kan tabarma tana ware mai kyau daga ruɓaɓɓe tana share hawaye da gefen mayafi, domin kuɗin adashinta da ta ɗauka a makon ne a cikin kwandon. Firiji kuwa muna da shi, amma wutar da za ta riƙe shi kwana ɗaya cur ba mu gan ta ba.

A waccan shekarar kawunta ya zo daga wajen Jigawa ganin likita, ya sauka a wurinmu. Ya dubi kwandon, ya dube ni, ya ce, "Malam, ku a birni ba ku san randa cikin randa ba?" Washegari ya tasa ni gaba muka je wurin masu tukwane, muka sayo randa biyu, babba da ƙarama. Da hannunsa ya zuba yashi a gindin babbar, ya zaunar da ƙaramar a ciki, ya cike tsakaninsu da yashi har wuya, ya kwarara ruwa sai da yashin ya sha ya ƙoshi. Muka jera tumatir a ciki, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen buhun algarara, ya ce a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ba yashin ruwa safe da yamma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar randar, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar dai yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Bayan mako guda na tura hannu na ɗauko tumatir, da sanyinsa, da taurinsa. Yau randuna huɗu ne a zaurenmu, kuma mata uku a layinmu sun kwaikwaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, a tsakiyar damina ba ta sanyi sosai, saboda iska ta riga ta jiƙe. Amma ai a bazara ake asarar.

Wannan dabara ɗanmu ne ya fito da ita ga duniya, Malam Mohammed Bah Abba, a lokacin yana malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, wanda ya taso a gidan magina tukwane. Da kuɗin aljihunsa ya fara sa aka gina dubban randuna ya raba a ƙauyuka. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan aikin, daga baya dabarar ta kai har Sudan. A gwajin da ya yi, gautan da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Turawa sun san sunansa, amma a ce masanin da kuka kira ya yi maganar adana kayan gwari a gidan rediyon Kano bai ambace shi ba, mai gabatarwa ma bai tuna masa ba? Wannan abin kunya ne, Ranka ya daɗe.

Kuma ba randa kaɗai ba. Tun kafin a fara taron bita a otal a kan sarrafa shara, manoman kewayen Kano da jakunansu suke shigowa birni da itace, su koma da mangala cike da taki da tokar murhu zuwa gona. Marinar Ƙofar Mata tun 1498 take aiki da baba da toka, katsin da ke kwantawa a gindin rijiyar ma ba a zubar da shi, da shi magina ke haɗa laso su shafe soro don kada ruwa ya ci shi. Yaran bola jari da ake kora kamar ɓarayi su ne ke tsince gwangwanin da ake narkawa a zuba tukwanen da muke girki da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai maganar da baƙonku ya yi cewa unguwanni suna ambaliya ne don mutane na jiran gwamnati. Ina gayyatarsa ya zo unguwarmu ranar Asabar ɗin ƙarshen wata kafin damina. Ƙungiyarmu ta aikin gayya ba ta da ofis, ba ta da asusu a banki. Shebur ne da baro da manjagara, kowane gida ya ba da abin da ya samu, mata su dama kunu su aiko, mai unguwa ya tsaya a kai. Mu shiga kwata har gwiwa mu yashe. Abin da ke karya mana gwiwa ɗaya ne: mu tara dattin a bakin titi, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da shi inda muka fito da shi. Da baƙonku ya faɗi wannan, da na yi masa tafi. Mota muke buƙata, dabara muna da ita.

Don haka ina roƙonku ku sake shirin nan. Ku ɗauki rikoda ku fita. Ku je wurin magina tukwane, ku je 'Yankaba da asuba, ku zauna da shugabannin ƙungiyoyin gayya, ku bar su su yi magana da bakinsu. In kuna so ku ga randar, zaurena a buɗe yake, maiɗakina za ta nuna wa ma'aikaciyarku yadda ake haɗawa daga farko har ƙarshe, masu sauraro su koya.

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shirin ya wuce gona da iri. Lokacin cin tuwon dare ne, muna zaune da yara da surukata, sai a fara kiran sunayen abubuwan da ko a majalisar maza ana sassauta murya kafin a faɗa. Ranar Larabar nan sau biyu ina tashi in rage murya, garin haka ma wani ɓangare na shirin ya wuce ni. Ku mayar da shi bayan ƙarfe goma sha ɗaya, ko ku sa a tace kalaman.

Ina sauraron amsarku a filin wasiƙu na wannan makon.

Wassalam.

Naku,
Mai sauraronku na kullum,
daga Kurna, Kano.