Takardar Koke Ga Mai Girma Hakimi Kan Shaye-shayen Da Ke Cinye Matasan Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da addu'ar Allah ya ja zamaninka, mu ne 'ya'yanka na ƙungiyar taimakon kai da kai ta wannan unguwa, tare da iyayenmu dattawan masallacin Juma'a da iyayenmu mata na Islamiyyar dare. Mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu rubuto, domin ba ma son mu kawo fadarka maganar da za a iya kashewa a zauren Mai Unguwa. An yi zama a zauren har sau uku, an yi nasiha, an yi alkawari, kowa ya shafa fatiha ya tashi, abin kuma yana nan inda yake. Shi ya sa muka ga barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ƙungiyarmu ba baƙuwa ba ce a wajenka, kai ka sa mana albarka ranar da muka gama katange maƙabarta. Ba mu da ofis sai benci biyu a ƙofar shagon wani tela, ba mu da asusu sai kuɗin taro da kowa ke jefawa ranar Lahadi da abin da masu hali suka taimaka. Da wannan ɗan abin muke yashe kwalbatoci kafin damina, mu gyara famfon burtsatse idan ya lalace, mu biya wa marayu kuɗin jarrabawa, mu tashi da tsakar dare mu kai mai naƙuda asibiti, idan an nemi jini mu miƙa hannu. Sintirin dare ma 'ya'yanmu ne ke yi, da tocila da usur, ba albashi.

Wanda yake shiga kwata da shebur yana ganin abin da mai wucewa a mota ba ya gani. A da idan muka yashe babbar kwalbatin bayan makarantar firamare, ledar ruwa ce da robobin lemo da tsummokara ke fitowa. A yasar bana abin da shebur ya riƙa kwasowa kwalaben maganin tari ne, da fankon katin tiramol, da gwangwanayen sholisho. Wani dattijo da ya tsaya yi mana sannu ya tsuguna ya ɗauki kwalba ɗaya, ya juya ta a hannunsa, ya ce, "Yanzu duk mutanen unguwar nan tari suke yi?" Babu wanda ya iya yin dariya. Tagogin ajin 'yan aji shida suna kallon wannan kwalbatin.

Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Mun haɗa kuɗi mun saya mata keken ɗinki, har ta fara karɓar ɗinkin sallah. Wata huɗu bayan haka muka je dubiya muka tarar da teburin keken a tsakar gida, babu kan. Ta ce yana wajen gyara. Sai da muka fito ƙanwarta ta biyo mu zaure ta faɗa mana cewa babban ɗanta ne ya kwance shi ya sayar, kuma uwar ta hana a faɗa don kada a kama shi. Yaron nan, ranka ya daɗe, yana cikin waɗanda suka ɗauki bulo a kansu ranar aikin maƙabarta. Yanzu a bayan katangar da ya taya mu ginawa ake samunsa da asuba, ido jawur, ba ya gane mai gaishe shi.

Mun san ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Jiharmu ta Kano an ƙiyasta mata sama da mutum miliyan ɗaya. Wannan magana ta mata ita ce iyayenmu mata suka ce lallai mu rubuta ta, domin su ke shiga ɗakunan da mu ba ma shiga. Sun ce a gidan biki ake zuba kodin a cikin robar lemo ana zagayawa da ita, kuma akwai dillaliya mai shiga gida-gida da atamfa da turare a sama, ƙwaya a ƙasan jaka. Namiji idan ya sha ya faɗi a titi kowa ya gani. Matar aure kuwa sai dai a ce ta cika barci, ko a ce iskokai ne, a yi ta hayaƙi.

Gwamnati ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da sarrafa shi tun watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta yi. A farkon 2024 kuma aka rufe shagunan magunguna na kasuwar Sabon Gari, aka ce dillalai su koma kasuwar magani ta Dangwauro a kan titin Zariya don a san abin da ke shiga da fita. Duk wannan an yi shi a sama. A ƙasa, a lungunanmu, mai ɗan kyamis da lasisinsa bai wuce na Panadol da maganin zazzaɓi ba yana miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha huɗu tiramol ta taga bayan sallar isha. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ba ta amince da tiramol da ya wuce mai miligiram 50 da mai 100 ba, amma katin da muke tsinta a kwata mai 225 ne. Ba mu ce duk masu kyamis ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, har da 'yan ƙungiyarmu. Shaguna ne ƙalilan, kuma ko yaron da ake aike ya san su.

Sai maganar kangon nan na bakin kududdufi. Shekara da shekaru mai shi ya kai ginin linta ya tafi ya bar shi, ba ƙofa ba mai gadi. Nan ne mashaya, nan ake raba kaya, nan ake kai wayar da aka ƙwace, daga nan ake fitowa faɗan daba. Mun aika wa mai ginin saƙo ta hannun ɗan'uwansa, ya ce su waye mu da za mu gaya masa yadda zai yi da filinsa. Gaskiyarsa, mu ba kowa ba ne. Amma idan sammacin Hakimi ya je masa, zai sa hula ya zo. Muna roƙon a kira shi, ko dai ya toshe ginin ya sa mai gadi, ko ya ba ƙungiya aronsa a rubuce mu share mu rufa kwano, mu mai da shi wurin koyon ɗinki da walda da gyaran waya. Masu koyarwa muna da su a shirye, wuri ne ba mu da shi.

Ranka ya daɗe, akwai laifin da yake namu, kuma ba za mu ɓoye maka ba. Sau biyu 'yan sintirinmu suna kama dila da kayansa a hannu su miƙa shi ga hukuma, sau biyu yana riga su dawowa unguwa. Masu zuwa belinsa ba daga wata duniya suke ba. Ɗan'uwa ne, maƙwabci ne, wani lokacin wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci, ko ɗan siyasar da yake ajiye yaran don ranar kamfe. A daren da ya dawo karo na biyu aka jefi ƙofar gidan shugaban sintirinmu da duwatsu, aka sassare tayar babur ɗinsa. Tun daga ranar mutum huɗu suka ajiye usur, matansu sun ce ba za su zama zawarawa a kan aikin sa-kai ba, kuma ba mu ga laifinsu ba. Abin da muke nema a nan shi ne kalmarka. A tara masu unguwanni da limamai a gabanka a faɗa a fili cewa duk wanda ya je neman alfarma ga dilan ƙwaya, sunansa zai zo fada. A kuma gargaɗi masu gidajen haya da suka san abin da ake sayarwa a ɗakunansu suka kau da kai saboda kuɗin haya. Sannan a buɗe hanyar da mutum zai kai rahoto ga Dagaci ba tare da sunansa ya riga shi komawa gida ba.

Muna so a bambanta mai sayarwa da mai sha. Mai sayarwa hukunci ya dace da shi, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa tun 1989, don shi aka kafa ta. Muna roƙon fada ta gayyato jami'anta tare da hukumar da ke ba masu kyamis lasisi, su zagaya shagunan unguwa, su kuma shiga makarantunmu na boko da Islamiyya su yi wa yara bayani. Mai sha kuwa ɗanmu ne mara lafiya. Mun gwada duka, mun gwada aske kai a bainar jama'a, babu wanda ya daina, sai ma ƙarin taurin kai. Kowa kuma ya tuna abin da aka gani a 2019 lokacin da aka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Ba ma son uwa ta rasa inda za ta kai ɗanta sai irin wannan wuri. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, akwai cibiyar gyaran hali ta Kiru, amma talaka bai san ta ƙofar da ake shiga ba, ga kunya, ga kuɗin magani. Takarda ɗaya daga ofishinka za ta iya buɗe wa mai rauni wannan ƙofa. Kuɗin mota da rakiya da abincin mai jinya, ƙungiya ta ɗauka gwargwadon ƙarfinta.

Sunayen shagunan da muke magana a kansu, da na mai kangon, da na yaran da iyayensu suka yarda a kai su magani, mun rubuta su a takarda daban. Ba mu haɗa ta da wannan ba saboda hannayen da za ta bi kafin ta iso gare ka. Muna roƙon a sa mana rana mu zo fada, mu da liman da wakiliyar mata, mu miƙa ta hannu da hannu. Idan da hali a yi kafin hutun makarantu, domin lokacin ne yara ke yini a bakin kududdufin.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nasara, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki.

Mu ne masu biyayya,
Shugaban ƙungiya da Sakatarenta
Shugaban 'yan sintiri
Wakilin dattawan masallacin Juma'a
Wakiliyar iyaye mata