Godiya ga 'yan Rod Sefti da suka tsaya mana a hanyar Zariya zuwa Kano

Assalamu alaikum. Ni dai ba mai yawan rubutu ba ne amma wannan karon na ce wallahi sai na rubuta, saboda mu mutane in an ɓata mana rai nan da nan muke yaɗawa, in kuma an kyautata mana sai mu yi gum. Godiyata ga jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ne, 'yan Rod Sefti, waɗanda ke sintiri a tsakanin Kwanar Dangora da Chiromawa, musamman wani dattijo a cikinsu da ko sunansa ban tsaya na karanta a rigarsa ba saboda ruɗewa.

Ranar Lahadi ne muna dawowa daga biki a Zariya, ni da Hajiyarmu da maiɗakina da yara uku, ana dab da magariba ga hazo ya sauka sosai har ba ka ganin motar da ke gabanka sai fitilarta. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan kenan sai mota ta fara shaƙewa, na taka totur ba ta amsa ba, ta ɗan ja ta mutu murus, rabinta a kan kwalta rabinta a gefe. Kuma duk wanda ya san titin nan tun bayan da aka gyara shi ya san gudun da ake zubawa, direbobin Sharon da Golf kamar ba za su mutu ba.

Abin da na yi, wanda a lokacin nake ganin daidai ne, na kunna dabul sigina, na ciro si-koshon, wato alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, daga but na ajiye shi kamar taku biyu a bayan mota, na karyo ganye na jera, na ɗora duwatsu a kai kar iska ta kwashe. Na ce kowa ya zauna a ciki saboda sanyi. Sai na shiga buga waya. Mai janwe na farko ya ce min sai na tura kuɗin mai tukuna kafin ma ya tada mota, na biyu ya faɗi kuɗin da na ɗauka wasa yake, da na ce ya rage sai ya kashe wayar a kunnena. Makanike kuma ya ce sai dai gobe in Allah ya kai mu. Ana cikin haka wata tirela ta zo ta wuce mu, iskarta sai da ta girgiza motar, si-koshon ɗin ya kife, Hajiya ta fara salati da ƙarfi, ƙaramar 'yata ta fashe da kuka. Ni kaina gwiwata ta yi sanyi.

Da na hango motar 'yan Rod Sefti tana rage gudu gaskiya gabana ne ya faɗi, na ce shi kenan ga wata sabuwa, yanzu za a fara ina lasin ina takardu ina abin kashe gobara. Suka ja can bayanmu da nisa suka tsaya suka kunna fitilar saman motarsu. Dattijon nan ya sauko da sauri, ko kallona bai yi ba, tagar Hajiya ya nufa ya ce "Mama sannunku, don Allah ku fito duka, ta wannan ƙofar ta gefen daji, kar wanda ya buɗe ta titi." Da kansa ya riƙe mata hannu ya haurar da ita can saman gefen hanya, ya ce yara su zauna kusa da ita kar su motsa.

Sannan ya juyo kaina. "Alhaji, waye ya ajiye wannan a nan?" Na ce ni ne yallaɓai. Ya yi 'yar dariya ya ɗauki si-koshon ɗin ya ce in biyo shi, muka yi ta tafiya baya ta gefen titi yana ƙirga taku, sai da muka wuce hamsin sannan ya dasa shi. Ya ce min motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, to in ka manna shi a jikin bamba ai lokacin da direba zai gan shi ya riga ya shigo but ɗinka. Shekarata 19 ina tuƙi ba wanda ya taɓa faɗa min haka, ni a sanina abu ne da ake saya don kar a kama ka. Ya dubi kaftanina mai ruwan toka ya ce a cikin hazon nan ni da kwalta duk ɗaya ne, ya ciro riga mai ƙyalli daga motarsu ya ce in saka. Su uku suka taya ni tura motar ta sauka daga titi gaba ɗaya, ya ce in karya sitiyari tayoyin su kalli daji, in ja hambirki, ko da wani ya dake ta ba za ta faɗa tsakiyar hanya ba.

Duwatsun nan kuwa sai da ya sa na kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ku kuna gyara motarku ku tafi ku bar su, mai babur ya zo cikin dare ya hau, mu ne muke zuwa ɗauka. Kunya ta kama ni don na san na taɓa barin irin su a hanyar Gwarzo.

Makanike dai sun kira wani daga nan kusa, famfon mai ne, ya yi dabararsa muka samu ta tashi. Ba su tafi ba sai da muka tafi, har sallar magariba a gefen hanyar muka yi bi da bi, wani na riƙe da tocila yana yi wa motoci alama. Na dunƙule ɗan abin da ke aljihuna na ce yallaɓai ga na ruwa, ya ture hannuna ya ce in saya wa motar tocila da riga mai ƙyalli, in kuma ajiye lambar 122 a wayata, kyauta ake kiranta. Hajiya ta yi ta sa masa albarka har muka shiga Kura ba ta daina ba.

Abin da ke ba ni haushi, a wannan hanyar dai da safe sau biyu wasu masu kaki suka tare ni, ba zan faɗi ko su waye ba, suka ce in buɗe but su ga si-koshon, suka gani, suka ce to a ba su na shayi. Ba wanda ya damu ko na san yadda ake amfani da shi. Ga manyan motoci da ke lalacewa su kwana biyu uku a kan titi ba fitila ba komai sai reshen dalbejiya da ya bushe, bayan motar baƙi ƙirin da hayaƙi ko ɗigon abin ƙyalli babu, yaran mota na kwance a ƙarƙashi suna barci. A daren nan kafin mu kai Na'ibawa sai da na ƙirga guda biyu, ɗaya ma a kan kwana take, da ƙyar na kauce mata.

Don Allah in akwai wanda ya san shugaban ofishin 'yan Rod Sefti na wannan yanki ya isar masa da saƙona, dattijon dogo ne mai furfura a gemu, Hausarsa da ɗan harshen kudancin Kaduna. Hajiya ta ce in gaya masa ta aje masa man shanu, duk ranar da aka samu mai kai masa.